Malam Edita, a ɗan ba mu gefen shafi mu ma masu koyon iyo da girma

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Ni dai na daɗe ina karanta jaridar nan, kuma in na ɗauka daga baya nake farawa, shafin wasanni, sai na gama da shi sannan in dawo kan labaran da ke ɗaga wa mutum hankali. To yau ƙorafi na kawo amma ba na faɗa ba. Shafin naku kullum ƙwallo ne, wane ya koma wane kulob, wane koci aka kora, wane ya ji ciwo a gwiwa, duk wasannin da mu namu a ciki kallo ne kawai da musu. Ban ce a daina ba fa, nima ina da kulob ɗin da ke hana ni barci. Amma akwai wasan da mutum irina, ma'aikaci mai iyali mai ɗan tumbi, zai shiga da jikinsa har ya bi hanya ɗaya a rana ɗaya da ƙwararrun duniya, kuma ban taɓa ganin ko layi biyu a kansa a wajenku ba, shi ne nace bari in rubuto da kaina tunda ni abin ya dama, saura sati bakwai in shiga irinsa in Allah ya kai mu.

Sunan abin tirayatlon. Wasa uku ne aka ɗinke wuri ɗaya ba hutu a tsakani, ka yi iyo, kana fitowa jikinka na ɗigar ruwa ka haye keke, kana sauka ka zura takalmi ka kama gudu, agogo kuwa tun da ka taka ruwa yake tafiya, ko lokacin da ka ɓata wajen ɗaure igiyar takalmi yana cikin lissafinka. Wanda ake yi a Olamfik tun gasar Sidni ta 2000 iyo ne na kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Babban da ake ce wa Ironman kuma iyo kilomita 3.8, keke 180, sannan wai ka ɗora da gudun fanfalaki cikakke na kilomita 42, wannan kam na bar wa masu shi. Ni rabinsa na yi rajista, wanda suke kira 70.3, lambar jimillar tafiyar ce da mil, a kilomita 113 kenan, iyo 1.9, keke 90, gudu 21.1. A Durban ne ta Afirka ta Kudu, bakin tekun Indiya, wanda aka saba yi a watan Yuni.

Duk wanda na faɗa wa tambayarsa ɗaya ce, nawa za a ba ka in ka ci? Sai in ce ai ni zan biya, rajista ni, jirgi ni, masauki ni. Kuɗin gasa na ƙwararru ne, mu sauran jama'a kasa mu ake yi bisa shekaru biyar-biyar, ni ina cikin 'yan 40 zuwa 44, abin da zan samu in na ƙarasa lambar da za a rataya min a wuya ce kawai. Mahaifiyata da na je yi mata bayani shiru ta yi tana kallona, can tace to kai wa ya biyo ka? Har yau ban samo amsar da ta gamsar da ita ba. Abin da dai na sani shi ne wasan nan tun asali irinmu ne suka ƙirƙiro shi, ba 'yan wasan albashi ba. A 1974 wasu 'yan ƙungiyar gudu a San Diego ta Amurka suka shirya na farko, mutum 46 suka fito. Shi kuma Ironman daga musu ya samo asali, tsakanin masu iyo da masu gudu da masu keke wa ya fi juriya, wani hafsan sojan ruwa John Collins da matarsa Judy suka ce to a haɗa ukun a gani, a watan Fabrairu 1978 a Hawai mutum 15 suka shiga 12 suka ƙarasa, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Kaga ashe musu ma in aka bi shi da jiki yana haifar da abu.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Mutane in sun ji lissafin nan gudun suke tsoro, ko keken kilomita 90, ni kuwa wallahi ruwan ne. Keke in ka gaji ka daina taka feda ka gangara, gudu in ya ƙi ka koma tafiya ba wanda zai ce maka don me, amma ruwa ba sa'an kwando ba ne, babu gefen titi da za ka zauna ka huta. Kuma shekara biyu da suka wuce ni ko taku biyar ban iya yi a ruwa ba, ina da shekara 41 na je kwamin ninkaya na farko, na shiga inda ruwa ke kai min ƙirji na riƙe bango da hannu bibbiyu kamar wanda za a ƙwace masa. Yaron da ke koya min a haife na kusa haifarsa, sai yace Baba sa fuskarka cikin ruwa ka hura iska ta hanci, Baba kar ka ɗaga kai, Baba ka sake jikinka ruwan zai ɗauke ka, a gefe kuma yara 'yan shekara bakwai suna wuce ni fit-fit kamar tarwaɗa, ɗaya har ta tsaya ta tambaye ni wai ciwo ne da ni. Sati biyu cur abin da na yi kenan, hura kumfa. Kunya kam na sha ta, na sha ruwan kwamin ma ba kaɗan ba.

Daga baya na gane ashe duk wahalar babba a numfashi take. Mu da muka girma a tudu in muka ji ruwa a fuska sai mu ɗaga kai, kana ɗaga kai kuwa ƙafafu su nutse, suna nutsewa ka fara kokawa da ruwa, kafin mita goma ka ƙare. Dole ka koyi fitar da iskar tun fuskarka na cikin ruwa, in ka juya kai gefe ɗauka kawai za ka yi, ido ɗaya ma yana cikin ruwa. Wata biyu na yi kafin in tsallake daga wannan bango zuwa wancan ban tsaya ba, mita 25, ranar na dawo gida ina ba uwargida labari kamar na ciyo kofi. Sai da na zauna na yi lissafi naga kilomita 1.9 irin wannan tsallakewar ce sau 76.

Kuma ba a ce ka yi ta yi har Magariba ba, akwai wa'adi. Awa 1 da minti 10 aka ba ka na iyo, wato duk mita 100 kar ta wuce wajen minti 3 da sakan 40. Iyo da keke a haɗe awa 5 da rabi, gaba ɗaya gasar awa 8 da rabi. Wanda ya fito daga ruwa bayan wa'adi an gama da shi kenan, keken da ya sha wahalar ɗaukowa daga wata ƙasa yana nan rataye yana kallonsa ba zai hau ba. Shi ya sa in an ce min Allah ya ba ka sa'a a kansu nake cewa su wa, ni da agogo muke yi. Yanzu a kwami ina gama 1.9 ɗin cikin minti 54 zuwa 56, da ɗan sarari amma ba wani mai yawa ba, domin lissafin kwami daban na buɗaɗɗen ruwa daban.

Wannan kuma da jikina na koye shi. Wata huɗu baya muka je wani tafki ni da abokan tirenin biyu, da mai kwale-kwale da muka roƙa ya riƙa bin mu a gefe, don Allah duk mai karatu kar ya kuskura ya gwada wannan shi kaɗai komai iyawarsa. Ina ji da kaina na shiga, na sa fuska a ruwa, sai naga duhu. Babu baƙin layin nan na ƙasan kwami da nake bi, babu bango, hannuna ma da ƙyar nake ganinsa, ga rigar robar nan ta iyo da na sa a karon farko ta shaƙe min wuya ta matse ƙirji. Ban yi mita 200 ba numfashi ya ƙwace, zuciya na bugawa har cikin kunne, duk abin da yaron nan ya koya min ya gudu, na koma ɗan shekara 41 mai riƙe bango sai dai babu bangon. Abin da ya cece ni shi ne na tuna an ce in haka ta faru ka juya rigingine ka kalli sama, rigar da kanta tana ɗaga mutum, na kwanta ina kallon gajimare ina ƙirga numfashi, mai kwale-kwale na cewa Alhaji ka kama nan ka hau, nace a'a ɗan ba ni minti ɗaya. Da na natsu na ci gaba, da muka fito agogon hannuna ya nuna na yi ta karkacewa kamar maciji, na ƙara wa kaina kusan mita 300 a banza, saboda ban iya ɗaga ido in duba gaba ba. Yanzu duk bayan jan hannu shida ko takwas sai in ɗan leƙo kamar kada in ga inda na dosa in mayar da kai. Hausawa da suka ce iya ruwa fidda kai ba su yi ƙarya ba, ni a zahirinsa ma na gan shi.

Wannan firgicin ba abin wasa ba ne, kuma shi ya sa nake so jarida ta yi magana a kai ba mu riƙa ɗauka daga gajerun bidiyo na waya ba, inda sai ƙarshen ake nuna maka mutum na ɗaga hannu ana tafi. Wani bincike da aka yi a Amurka kan shekarun 1985 zuwa 2016 ya ƙirga mutum 135 da suka rasu ko zuciyarsu ta tsaya a irin wannan gasa, 90 daga ciki a ruwa abin ya same su, kuma yawancinsu maza ne masu matsakaicin shekaru, wato sa'o'ina. Ina karanta wannan na je wajen likita aka auna jini aka yi gwajin zuciya, aka ɗora ni kan injin gudu da wayoyi a ƙirji, sai da yace babu matsala sannan na biya kuɗin rajista. Duk wanda ya haura 40 yake sha'awar abin nan ya fara ta nan, keke mai tsada ya jira.

Abin da ya rage min da ban taɓa yi ba shi ne teku, kuma shi ne ciwon yin gasa a ƙasar waje, akwai abin da duk shirinka ba za ka same shi a gida ba sai ka je. Ruwan gishiri, igiyar ruwa da ke tasowa ta maka ka da ƙasa tun kana bakin gaɓa, an ce kar ka yi kokawa da ita ka nutsa ta ƙarƙashinta ta wuce, na kalli yadda ake yi ya fi sau hamsin amma gani a waya ba yi ba ne. Yuni lokacin sanyinsu ne can, sai dai ruwan Durban bai cika yin sanyi sosai ba saboda ruwa mai ɗumi da ke gangarowa ta wannan gaɓar, kuma dokar ita ce in ɗumin ruwa bai wuce digiri 24.5 ba an yarda a sa rigar roba, to ina sa ran zan sa. Na yanke tikiti yadda zan isa kwana huɗu kafin ranar don in shiga tekun ko sau uku ne inda masu ceto ke tsaye. Ɗaya daga abokan tirenin ɗina wai shi addu'a yake teku ta yi fushi ranar a soke iyon, don masu shiryawa suna da ikon ragewa ko sokewa in ruwa ya yi hauka. Nace masa kai dai, ni bayan shekara biyu ina haɗiyar ruwan kwami in aka soke wallahi sai na fi kowa jin haushi, duk da tsoron da nake ji.

Keke ba zan ja shi da tsawo ba. Takalminsa maƙalewa yake a feda, sai ka murɗa diddige waje ya saki, ranar farko na zo tsayawa na manta, haka na tafi a hankali a hankali na faɗi gefe guda da ni da keken a gaban mutane, ba abin da ya ji ciwo sai girma. Na koyi canza tif da kaina saboda in taya ta yi faci a hanya ba mai gyaran da zai zo da gudu, a tsakiyar falo nake gwadawa ƙaramar 'yata na riƙe da waya tana auna min lokaci, daga minti 19 mun dawo 7. Sai dokoki, waɗanda su ne ke kayar da baƙi. Ba ka taɓa keke sai hular kwano na kanka a ɗaure, ba ka kwance ta sai ka mayar da keken wurinsa. Ba a laɓewa bayan wani ya tare maka iska, tazarar mita 12 ake bari, in za ka wuce shi sakan 25 gare ka, in alƙali ya kama ka ya ɗaga maka kati sai ka je tantin hukunci ka tsaya kana kallo ana wucewa. Ba a sa abin jin waƙa a kunne, kuma ko matarka ce ta miƙo maka ruwa daga gefen hanya ka karɓa laifi ne. Sannan a Afirka ta Kudu hagu ake bi a wuce ta dama, wanda ya saba da hannun dama sai ya riƙa tuna wa kansa, musamman in gajiya ta fara cin ƙwaƙwalwa.

Gudun kuma ba irin gudun da ka sani ba ne, don ƙafar da ta yi awa uku da wani abu tana juya feda in ka sauke ta ƙasa sai ka ji kamar aron ta ka yi, kamar itace. Maganinsa kawai sabo, duk ƙarshen mako in na sauka daga doguwar tafiyar keke sai in zura takalmi in yi ko minti 20 ne, wajen kilomita biyu ƙafar ke dawowa taka. Ci da sha ma tirenin ne, mutum ba zai yi awa bakwai yana aiki da cikin da ya karya da safe ba, ana so duk awa ka sa wa cikinka abin da ya kai giram 60 ko fiye na mai ba da ƙarfi, yawanci wani abu mai kauri mai zaƙi ne a 'yar leda da ake matsawa a baki, da ruwa mai ɗan gishiri, don zallar ruwa in ya yi yawa shi ma yana kayar da mutum. Na farko da na gwada cikina ya ƙi shi ƙememe, na gode Allah a tirenin ne ba a Durban ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ko safa sabuwa ba zan sa ranar ba.

Tafiyar kanta wani wasan ne na huɗu. Biza da wuri ake nema da takardar shaidar rajista da ta masauki, in daga ƙasar da ake zazzaɓin shawara ka fito sai da katin rigakafi, ga inshorar lafiya da ya kamata ka tabbatar ta ƙunshi gasa ba yawon buɗe ido kawai ba. Keken kuma warware shi ake yi a sa a akwati na musamman, a cire tayu a cire feda a juya kan, kuma kowane kamfanin jirgi da tasa dokar nauyi, a tambaya kafin a yanki tikiti ba a filin jirgi ba. Na gwada warwarewa sati biyu baya, na yi kusan rabin awa ina murɗa fedar hagu ina zufa ina zagin wanda ya ɗaure ta, ashe ƙara ɗaure ta nake, ita ta hagu a juye take kwancewa. Hular kwano da takalma da gilashin ido na iyo a jakar hannu zan riƙe su, in akwati ya yi lattin isowa keke ana iya haya, takalmin da ƙafarka ta saba da shi kuwa babu.

Wadda ta fi kowa biyan kuɗin abin nan uwargida ce, gaskiya ɗaya ce. Awa tara zuwa goma a sati nake ba tirenin, kafin gari ya waye na fita, ranar hutu rabin yini ba na gida, in na dawo kuma ba ni da amfani sai barci a kujera. Ita ta ce in sa a wasiƙar nan cewa duk mai son shiga ya fara neman izini a gida kafin ya nemi biza, to na sa.

Roƙona Malam Edita ba a ba ni shafi don in yi suna ba ne, ni da ƙila in zo na kusa da ƙarshe. Ko kwata ɗin shafi ne sau ɗaya a wata ku ware wa wasannin da mai karatu zai yi da jikinsa, ku fara da iyo, ku samo mai koyarwa da likita su yi bayani da Hausa yadda babba zai koya ba tare da kunya ba. Hukumar lafiya ta duniya tace a 2021 kaɗai kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya, kuma tun da na fara zuwa kwami manya huɗu ne suka ja ni gefe a ɓoye suna tambaya wai da gaske ana iya koya bayan an girma, ɗaya ma ya girme ni da shekara goma, yanzu yana tsallake bango biyu. Masu son tirayatlon ɗin kuma ba sai sun fara da irin nawa ba, akwai ƙarami na mita 750 da keke kilomita 20 da gudu 5, da na san da shi da wuri da ta nan na fara.

In kun buga wannan, in na dawo zan sake rubuto muku yadda ta kaya, ko na ƙarasa ko an tsamo ni a kwale-kwale duk zan faɗa. Jibi za mu koma tafkin nan, so nake in yi 1.9 ɗin ba tare da na juya rigingine ko sau ɗaya ba, kuma mai kwale-kwalen yace wannan karon shi zai riƙe agogo.

Na gode, a huta lafiya.

Naku, mai karatunku na kullum.